Ja Ne Ko Kore?

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, Dakta tana tsaye a falo da ƙaramin burushi a hannu tana kakkaɓe hular mijinta, sai ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ta ɗauka direban ofis ne ya yi sammako. Da ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar Hajiya a kan matakala, ta tsaya cak.

Surukarta ba ta zuwa bariki. Shekara goma sha tara da auren Dakta da Kwamanda, sau uku kacal tsohuwar ta taɓa taka gidansu, wai ƙarar jirage tana tayar mata da ciwon kai. Yau ga ta da sassafe, Yaya Babba, yayar Kwamanda, ta riƙo mata hannu, Failot yana biye da su kansa a sunkuye.

"Hajiya! Sannunku da zuwa. Lafiya dai ko?"

"Da lafiya za ki gan ni a nan?" Hajiya ta zauna a kujera ba tare da ta dube ta ba. "Ina Soja? Kira mini shi."

Failot jikan Hajiya ne, ɗan babban ɗanta da ya rasu yaron yana shekara huɗu. Marigayin ne ya goyo Kwamanda a babur shekara talatin da suka wuce, ya kai shi wurin ɗaukar sojan sama, ya yi kwana uku yana jiransa a bakin ƙofa cikin rana har aka kira sunansa. Bayan rasuwar, Kwamanda ya zo gida hutu, yaron ya ɗauki hularsa ya kifa a kai, ta rufe masa har hanci. Hajiya, wadda ta yi wata biyu ba a ga haƙorinta ba, ta yi dariya ta ce, "Ga wani failot ɗin." Shi ke nan sunan ya bi shi. Yanzu shekararsa ashirin da ɗaya, ya ci jarrabawar shiga makarantar tuƙin jirgi ta sojan sama, ya ci gudu, ya ci ganawa da manya. Gwajin ido ne kawai ya rage.

Dakta ce likitar ido a asibitin bariki. Ta nemi a ɗauke mata gwajin yaron saboda dangantaka, amma abokin aikinta yana kwas, ga samari ɗari da arba'in a layi. Shekaranjiya Failot ya zauna a gabanta yana murmushi, ya karanta haruffan bango har layin ƙarshe. Sai ta buɗe masa littafin launi, wanda ake ɓoye lamba a cikin ɗige-ɗige ja da kore. Inda kowa yake ganin saba'in da huɗu, ya ce ashirin da ɗaya. Ta sake buɗe wani shafin, ya kasa ganin lambar. Ta canja fitila, ta kai shi bakin taga, ta maimaita har sau uku. Daga ƙarshe ta rubuta abin da ta gani: ba ya bambance ja da kore, bai dace da tuƙin jirgi ba.

Kwamanda ya fito cikin kaki, tauraronsa ɗaya yana ƙyalli. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa.

"Soja, ka ji abin da matarka ta yi wa marayan Allah?"

"Na ga takardar, Hajiya."

"Ka gani! To me ka yi?" Yaya Babba ce ta cafe. "Yaron da yake tsinto wa Hajiya allura a ƙasa, shi ne makaho? Ba kai ne shugaban makarantar ba? Ka sa biro ka soke mana!"

"Yaya, ba makanta na ce ba," in ji Dakta a hankali. "Yana gani sarai. Launi biyu ne kawai..."

"Rufe mana baki, malama! Mun san inda kika dosa. Naki ɗan ya kai sha biyar, kina share masa wuri tun yanzu, kada a ce gida ɗaya ya kawo biyu."

Dakta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta juya ga mijinta. Ta san shi, ba ya bari a taka ta ko da wasa. Amma yau idonsa yana kan kafet.

"Doka ta ba shi damar ɗaukaka ƙara," ya ce. "Za a sake gwada shi a wani asibitin. Yau zan sa a tura takardarsa."

Ya karɓi hularsa daga hannunta bai dubi fuskarta ba, ya taimaka wa Hajiya ta miƙe, suka fita gaba ɗaya. Failot ne kaɗai ya waiwayo a bakin ƙofa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, Yaya Babba ta fizgo hannunsa.

Ta daɗe a tsaye da burushin a hannu. A sake gwada shi? Wato bai yarda da aikinta ba ke nan, ko kuwa hanya yake nema a wuce da yaron ta bayan fage? Ko dai kwantar wa Hajiya da hankali kawai yake yi? Ta juya maganar ta kowace fuska, ba ta zauna ba.

Abin da ya fi ɗaure mata kai, Kwamanda ba mutum ne mai ɓoye mata ciki ba. Ta aure shi yana ƙaramin hafsa mai tuƙa jiragen yaƙi, irin masu wucewa kafin ƙararsu ta iso. Daga nan aka mayar da shi manyan jiragen ɗaukar dakaru da kayan agaji. Sau tara ana canja masa wurin aiki, sau tara tana naɗe labule tana cusa tukwane a kwali, har ta daina zubar da kwalayen, tana jera su a saman kwaba. Ranar da injinsa ɗaya ya mutu a sama da mutum arba'in a bayansa, ya lallaɓa ya sauke su lafiya, kowa ya yi ta yabon dakiyarsa. Ita kaɗai ta san da ya shigo gida ya zauna a bakin gado, sai da ta riƙe masa kofi domin hannunsa ya kasa. Da aka tsallake shi a ƙarin girma karo na farko, ita ya gaya wa ya yi niyyar ajiye aiki, ita ta hana shi. Ya koyar da tuƙi shekara shida, ya je kwas ƙasar waje, ya yi zaman hedikwata da ya tsana, sannan aka ba shi makarantar da ya fito daga cikinta. Bana kuma sunansa yana cikin waɗanda ake duba wa tauraro na biyu. A duk wannan tafiyar ba a taɓa kwana da magana a cikinsa ba ta ji ba.

Yanzu kuwa sai ya dawo, ya ci abinci, ya tambayi ko yara sun bugo daga makaranta, ya shige ɗakin karatu. In ta ce, "Abban yara, batun Failot..." sai ya ɗaga hannu.

"Dakta, don Allah. Ban da wannan."

Kwana goma aka yi a haka. Rana ta sha ɗaya tana cikin duba wani tsohon saje mai yanar ido, aka banko ƙofar ofishinta. Yaya Babba ce, da takarda a hannu tana kaɗawa.

"Ga shi nan! Karanta da idon naki mai kyau! Likitan gaske ya duba shi, shafi ashirin da huɗu bai faɗi ko ɗaya ba!"

Marasa lafiya suka leƙo daga baranda. Dakta ta karɓi takardar. Hatimi na gaske, sa hannu na gaske, babban asibiti, likitan ma ta san sunansa, ya girme ta a aiki. Ta karanta sau biyu, haruffan suka soma rawa.

"Ba ki da ta cewa ko? Allah ya tona asirinki. Shekara goma sha tara kina mana fuska biyu!"

Bayan ta fita, Dakta ta sallami sajen, ta kulle ƙofa. Ta ɗauko littafin launin ta duba ko ya koɗe. Bai koɗe ba. Ta kira nas ta gwada ta, nas ta karanta duka. Ta sa nas ɗin ta gwada ita kanta, ita ma ta karanta duka. To me ya faru ranar? Ko gajiya ce, bayan mutum tamanin? Ko yaron ne ya ruɗe don yana jin nauyinta? Ko kuwa, wannan tunanin ne ya fi tsorata ta, akwai wani abu a can ƙasan zuciyarta da ita ma ba ta sani ba, wanda Yaya Babba ta hango? Ta tuna yadda ta yi wa Failot wanka yana ƙarami da zazzaɓi ya kwantar da Hajiya, ta tuna shi yana cin abinci kwano ɗaya da ɗanta. Ta ce a'a. Can kuma ta ce, to amma ga takarda.

Da azahar shugaban asibiti ya kira ta. Ya ba ta kujera, ya yi ta gyaran murya.

"Dakta, ripot biyu sun ci karo. Mafi sauƙi ki rubuta cewa mai yiwuwa an samu kuskure a naki, a rufe fayil. Ba wanda zai tuhume ki." Ya rage murya. "Wani babba ya bugo daga hedikwata. Mijin yayar maigidanki abokinsa ne. Kuma kin san yana cikin masu zama a kan ƙarin girma bana."

"Yallaɓai, maigidana ya san da wannan kiran?"

"Wannan kuma ke za ki fi ni sani."

Ta roƙi kwana uku.

Da yamma ta tare Kwamanda a ƙofar ɗakin karatu, ta tsaya ta ƙi matsawa.

"Yau sai ka yi mini magana. In janye ko kada in janye?"

"Ba zan iya ce miki komai ba."

"Ba Kwamandan makaranta nake tambaya ba, mijina nake tambaya!"

"Su biyun ni ne, Dakta. Ba ni da bakin da zan ara wa ɗaya in hana ɗaya."

"To ka yarda da ni? Wannan kaɗai. I ko a'a?"

Ya dube ta, karo na farko cikin kwanaki. Idonsa ya yi ja, ya rame a wuya. Ta ga leɓensa ya motsa. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya shige ciki ya turo ƙofa. Ƙofar ba ta rufu duka ba, kuma Hajiya ba ta iya magana a waya a hankali ba.

"Soja, na gama magana. Ko ta janye ta zo ta ba yaron nan haƙuri a gaban kowa, ko ka ba ta takardarta. In ka zaɓe ta a kan jinin ɗan'uwanka, to ka nemi wata uwar."

Dakta ta dafa bango. Ta jira ta ji ya ce, haba Hajiya. Ta jira ta ji ko da kalma ɗaya ce ta kariya.

"Ki ba ni zuwa Alhamis, Hajiya," abin da ya ce ke nan. "Ranar Alhamis komai zai ƙare."

Washegari ba ta je aiki ba. Ta tuƙa mota awa biyu zuwa gidansu, ta tarar da Ummanta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a tire. Ko gaisuwa ba ta gama ba kuka ya ƙwace mata. Umma ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta saurari labarin tun daga farko, hannunta bai daina tsinta ba.

"Umma, ni na rasa gane komai. Ban san ko ni ce na yi kuskure ba. Ban san ko so yake in janye don ya samu tauraronsa, kunya ta hana shi faɗa ba. Ban san ko sakina zai yi jibi ba. Mutumin da na sani kamar tafin hannuna!"

"Kin tabbata da abin da kika gani?"

"Da na tabbata. Yanzu kam..."

"Ba yanzu na tambaye ki ba. Ranar, yaron yana gabanki, littafin yana hannunki."

Dakta ta share ido. "Ranar na tabbata, Umma. Sau uku na maimaita."

"To me ya ƙaru a kan idon yaron daga ranar zuwa yau, ban da surutun mutane?" Umma ta ture tiren gefe. "Ni ban yi boko ba, amma na san in ya hau jirgin nan ba shi kaɗai zai hau ba, da 'ya'yan wasu zai tashi. Batun mijinki kuma, shekara goma sha tara bai taɓa kunyata ki ba. Ki ba shi kwana biyun da ya roƙa, ko da ba ke ya roƙa ba. Tashi ki koma ɗakinki kafin rana ta yi sanyi. Kuma kada ki gaya wa yayyenki, yanzu su ɗauki zafi su ɓata abin da zai gyaru."

Ranar Laraba ta miƙa wa shugaban asibiti layi biyu: ta sake duba bayananta, tana nan a kan abin da ta rubuta. Ya karanta, ya cire tabarau ya dube ta kamar mai jin tausayi. Ta fito. Ba ta ji ta yi jarumta ba. Ji ta yi kamar ta sa hannu a takardar sakinta da kanta.

Alhamis da la'asar direban Kwamanda ya zo asibiti, ya ce Oga ya ce a kai ta filin jirgi. Ta tambaye shi lafiya, ya ce shi dai haka aka ce masa. A mota ta yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. A filin jirgi ake sakin mace? Ko wani hatsari aka yi?

Suka bi gefen titin jirgi har ƙarshensa, inda ciyawa ta fara. An kafa 'yar rumfa. Hajiya tana zaune a kujerar roba ta toshe kunne ɗaya da gefen mayafi, Yaya Babba a tsaye a kanta. Ga Failot cikin farar riga. Ga waɗansu hafsoshi uku da ba ta sani ba, ɗaya mace mai furfura, da alamar likita a kafaɗarta da rediyon oba-oba a hannu. Kwamanda yana can gefe shi kaɗai, hannuwansa a baya.

Likitar mai furfura ce ta yi bayani. Su kwamiti ne daga hedikwata. Tun ranar da ripot na farko ya fito Kwamanda ya rubuta musu cewa yaron ɗansa ne, likitar matarsa ce, don haka ya cire hannunsa. Da ripot na biyu ya saɓa wa na farko, ya sake rubutawa ya nemi a yi gwajin fili, ya kuma roƙi a bar iyali su gani da idonsu.

"Ga hasumiya can," ta nuna dogon ginin gilashi da ke can nesa. "In rediyon jirgi ya mutu a sama, da fitila ake yi wa matuƙi magana daga can. Za a haska sau goma. Kai dai ka faɗi launin da ka gani. Don Allah kada kowa ya sa baki."

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Yaya Babba. "Failot, nuna musu."

Likitar ta yi magana a oba-oba. Wani ɗan haske ya bayyana a saman hasumiya.

"Kore," in ji Failot. Hafsa ɗaya ya yi alama a takarda. Yaya Babba ta harari Dakta.

Na biyu ya haska, fari tas.

"Kore."

Hajiya ta ɗan gyara zama. Na uku ya zo, ja wur kamar garwashi. Failot ya ƙanƙance ido.

"Ko... kore."

"Kai, ja ne fa!" Hajiya ta faɗa da ƙarfi. "Ni da idona na tsufa ma..."

"Hajiya, don Allah," in ji likitar.

Tsohuwar ta kama bakinta da hannu. Daga nan ba ta sake kallon hasumiya ba, jikanta take kallo. Zufa ta jiƙa masa bayan riga. Na huɗu ya dace, na biyar ya kauce, na shida ya ce ja alhali kore ne. Dakta ta ji hawaye yana bin kumatunta. Ta ɗauka in gaskiyarta ta fito za ta ji sanyi, sai ga shi ji take kamar ta ruga ta tsaya a gabansa ta kare shi daga idon mutane. A na takwas ya daina amsawa. Ya durƙushe a kan ciyawa ya rufe fuska.

"Rana ce ta haske masa ido!" in ji Yaya Babba, amma muryarta ta sauka. "Ai wancan likitan..."

"Haddacewa na yi, Gwaggo." Muryarsa tana fita daga cikin tafin hannu. "Na sauke littafin a waya, na haddace shi shafi bayan shafi. Wancan likitan a jere ya bi, sauri ma yake yi, ana ta kiransa a waya. Anti ce ba ta bi a jere ba, tsallake-tsallake ta riƙa yi." Ya ɗago ya dubi Dakta. "Sori, Anti. Wallahi sori. Tun a sakandare na sani. Ko danja a titi, ta sama da ta ƙasa nake ganewa, ba launi ba."

"Ka sani?" in ji Hajiya. "Ka sani ka bar ni na..., don me ba ka faɗa ba?"

"Ta yaya, Hajiya? Tun ina shekara huɗu ba wanda ya sake kirana da sunana. Ke Failot, Gwaggo Failot, malamai Failot. In na ce ba zan iya ba, wa zan zama a gidan nan?"

Wani ƙaramin jirgin koyo ya taso daga ɗaya ƙarshen, ya wuce ta kansu, Hajiya ko kunnen ba ta toshe ba.

Kwamanda ya tako ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, bai damu da kakinsa ko hafsoshin da ke kallo ba.

"Hajiya, kore yana nufin ka sauka, ja yana nufin kada ka kuskura, akwai wani a kan titin. A aikin nan sau bakwai na tsaya a gaban uwa da hular ɗanta a hannuna. Na san yadda suke kallona. Marigayi Yaya ya jira ni kwana uku a rana don in zama abin da na zama. Ba zan saka masa da kawo miki hular ɗansa ba."

Hajiya ta fashe da kuka. Ta miƙa hannu tana lalube, aka ɗauka sandarta take nema, Yaya Babba ta miƙo mata, ta ture.

"Ina 'yata? Zo nan. Zo, don Allah."

Dakta ta matso ta durƙusa. Tsohuwar ta kama kanta ta haɗa da ƙirjinta.

"Na ce a sake ki don kin hana jikana mutuwa. Wayyo ni! Ki yafe mini, tsufa ne da son zuciya."

"Ba komai, Hajiya. Wallahi ba komai."

Yaya Babba ta yi ta murza gefen mayafi. Da ƙyar ta ce, "Dakta, abin da na yi miki a asibiti... gobe zan je wurin, a gaban mutanen da na yi, in ba ki haƙuri." Kuma ta je ɗin, ko da yake sai da ta ƙara da cewa ita ma ruɗa ta aka yi.

Kwamanda ya sallami direba, ya ja motar da kansa. Suka kama hanyar gida. Daidai wata bishiya kusa da gidajen hafsoshi ya tsaya ya kashe inji.

"Kwamitin ya rantsar da ni da safe, ya tambaye ni ko na taɓa tattauna ripot ɗin da ke. Da na ce miki ko da 'na yarda da ke' ne, da sun ce mun haɗa baki, su watsar da naki su ɗauki na biyun."

"Da sai ka ce mini doka ta hana ka magana! Wannan kaɗai ya ishe ni. Sati biyu ina cikin duhu, har na zaci sakina za ka yi!"

"Gaskiyarki." Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Ba doka kaɗai ba ce, Dakta. Kunyarki nake ji. Na san aikinki, na san ba kya kuskure irin wannan. Amma duk sallar da na yi cikin kwanakin nan, sai na roƙi Allah ya sa ke ce kika yi kuskure. Ina roƙon matata ta kunyata don ɗan marigayi Yaya ya tashi sama. Da wane ido zan dube ki?"

Fushin da ta tara ta neme shi ta rasa inda ya shiga.

"Ni ma na roƙi hakan," ta ce a hankali. "Tun ranar farko."

Ya kifa goshinsa a kan hannunta. Ta bar shi a haka har wani soja mai wucewa ya ƙame ya sara wa motar, suka yi firgigit suka gyara zama kamar yaran da aka kama, dariya ta kuɓuce musu su biyun.

Tauraro na biyu bai zo ba a shekarar. Babban da ya bugo waya bai ji daɗin yadda aka mayar da maganarsa ba, jerin ya fito babu sunan Kwamanda. Dakta ta yi kuka, shi ya ce ta bar shi, barcinsa ya fi masa. Failot ya yi wata uku ba ya fita, Dakta tana zuwa duk Asabar ta zauna da shi, har ta shawo kansa ya nemi jami'a ya karanci lissafin ƙera jirage. Hajiya da kanta ta kafa doka a gida cewa duk wanda ya sake kiransa da tsohon laƙabin zai gamu da sandarta, aka koma kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Shekara ta zagayo, wancan babban ya yi ritaya, sababbin masu zama suka buɗe fayil suka ga wasiƙu biyun da Kwamanda ya rubuta a kan ɗansa da hannunsa. Sunansa ne na farko a jerin. Ranar liƙa muƙami aka ce mutum ɗaya daga iyali ya fito ya taya shugaban sojan sama liƙawa. Dakta ta matsa gefe ta ba Hajiya hanya. Tsohuwar ta sa sanda ta tare ta.

"Ni haihuwarsa na yi. Ke kika yi ta ɗaukar kwali kina binsa gari-gari. Wuce ki liƙa masa, 'yata, kafin ƙafata ta gaji."

Dakta ta wuce, ta liƙa a karkace, sai da Kwamanda ya raɗa mata ta gyara.

Son ɗa ko jika yakan rufe wa iyaye ido har su tura shi inda zai halaka, su kuma ɗauki mai faɗa musu gaskiya a matsayin maƙiyi. Wanda aka ba amana, likita ne ko soja, ya riƙe ta ko da gidansa zai girgiza, domin rayukan da ke bayan sa hannunsa ba nasa ba ne. Ma'aurata kuma su ji tsoron shiru, ko na alheri ne, don kwana goma sha huɗu na rashin magana sun kusa cinye shekara goma sha tara. Dakta ta yi haƙuri a lokacin da ba ta gane komai ba, ba ta saki gaskiya ba, ba ta bar ɗakinta ba, Allah kuwa ya bar mata mijinta, ya ƙara mata da uwa.